Kududdufin Bayan Gidan Jalo

Ƙofar Gayan, Birnin Zazzau
Farkon Disamba

Zuwa ga baiwata Hajiya Barira, zangon Obuasi, ƙasar Ghana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Radiya da maigidanta da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar matata Hidaya da ke ɗan taɓa ta idan ta daɗe a tsaye. Yaya kunnen? Radiya ta ce mini yanzu ko an manna miki waya sai ki yi ta "na'am, na'am" alhali ba ki ji komai ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, tunda Alhaji Zailani bai daina kai-kawonsa na goro da atamfa tsakaninmu da ku ba. Kuma kada ki ɓata rai da "baiwata". Babana wan mahaifiyarki Goggo Tayyiba ne, ni ɗan namiji, ke 'yar mace. Ko Makka kika koma da zama, haka abin yake.

Ga labari. Kin san ni, da guga na fara, ina jan ƙasa daga rijiyoyin mutane, har na zo na mallaki motar haƙa burtsatse. Babu wanda ya ɗora ni. To bana Allah ya buɗe wata ƙofar. Na samu rami na zinariya a wani daji yamma da mu. Kamar rijiya ake sauka, sai dai idan an kai ƙasa sai a karya gefe a bi jijiyar dutsen, mutum yana rarrafe da fitila a goshi. Masu takardun digiri da suka zo dubawa ba wanda ya yarda ya sauka. Ni na sauka, da tumbina da komai.

Matsalar ɗaya ce, dajin ba ya zaunuwa saboda 'yan bindiga. Ba za ka kafa inji a can ka kwana da shi ba. Don haka dutsen nake lodowa a buhuna in kawo gida. Na kafa injin niƙa a bakin kududdufin bayan gida, a kan garkar nan ta Goggo da ta zama juji tun rasuwarta. A niƙa dutsen ya zama gari, a ja ruwa daga kududdufi a wanke, ruwan ya gangara ya koma inda ya fito. Ba asarar komai. Samarin unguwa da ke zaman banza a gindin rimi yanzu duk suna da abin yi, har iyayensu mata suna aiko mini da fura.

Ruwa ya cika sosai bana. Idan ya ja aka yi su, kasonki na kifi zai fi na kowace shekara. Ni da kaina zan tsaya a kan bandar, ba irin wanda aka aiko miki bara ba, rabi ƙaya rabi hayaƙi.

Ubangidanki,
Alhaji Labaran Jalo

*

Obuasi
Ƙarshen Disamba

Zuwa ga Labaran, ubangidan da ba ya ciyar da kowa.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Radiya ta karanta ni ma na sake bi da tabarau. Muna lafiya. Kunne sai godiya, abin da ban so ji ba ma ya wuce ni. Ka gaida Hidaya, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Na yi maka murna, Allah ya sa albarka. Amma tun da na karanta ban samu natsuwa ba. Zailani zai juya gobe da asuba, don haka a gurguje nake rubutu. Abu biyu nake so. Ka ɗauke injin nan daga garkar Inna. Sannan bana kada ka aiko mini da kifi, ko ɗaya.

Ka kuma gaya mini, balbelu suna nan suna kwana a rimin?

Barira

*

Ƙofar Gayan
Tsakiyar Janairu

Hajiya Barira,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka.

Na karanta 'yar takardarki har na haddace ta, ba wuya tunda ba ta da tsawo. Na cika miki shafi biyu, kin ba ni layi kaɗan, a ciki har da umarni.

Garkar Inna, kika ce. Yanzu ne ta zama garkar Inna. Shekara da shekaru wurin nan yana tara leda da mushen kaji, ni na sa aka kwashe, ni na yi masa shinge. Ba wanda ya tuna da shi sai da aka ji kalmar zinariya. Idan gado kike nema, ki faɗa a fili, a kira Malam Aƙilu mai unguwa a auna a ba ki naki. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, ba kuma da ke zan fara ba.

Maganar kifin ce ta fi yi mini zafi. Tun da aka kai ki Ghana ba a taɓa yin su a kududdufin nan ba a ware miki kaso ba. Babana ya yi, bayansa na ɗauka. Ko shekarar da ba ni da na sabulu sai da na aika. Yanzu da na samu shi ne hannuna ya yi datti? Ko wani ya kai miki gulma cewa dukiyata ba ta halal ba ce?

Na san inda tambayarki ta balbelu ta dosa, don ba ke kika fara ba. Akwai wani malamin makaranta a nan da ke yawo yana cewa ruwan ya canza launi. Ya canza, ba na musu, ya yi ja-ja ta ɓangaren injin. Ruwan kududdufi dama yaushe ya taɓa zama na zamzam? Ni maginin rijiya ne, Barira. Duk rijiyar da na gama sai na jefa tarwaɗa a ciki, haka na koya. Idan ta rayu, ruwa ya shawu. Wannan ba a aji aka koya mini ba, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. To tarwaɗun kududdufin nan suna nan, manya-manya, da yamma har jin faɗuwarsu kake yi daga zaure.

Tunda abin ya zama haka, na yanke shawara. Sun bana ni zan ɗauki nauyinsa. Shinkafa, mai, itace, duk nawa. A kama kifin a dafa a ƙofar gidana, unguwa kaf ta ci, ni in fara sa hannu a gaban kowa. Na riga na gaya wa Malam Aƙilu, ya sanar a masallaci.

Balbelu suna nan. Ban ƙirga su ba, ina da aikin yi.

Labaran

*

Ƙofar Gayan
Ƙarshen Fabrairu

Barira,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Na je shagon Zailani a kasuwar birni har ƙannensa sun fara dariya idan sun hango ni. Sun ce bai dawo ba. Na kira Radiya, ta ce kin ba da amsa tuntuni, kuma kin hana ta faɗa mini abin da ke ciki. Wannan wane irin mulki ne daga baiwa? Wannan takardar wani direba zan ba, in ta iso ta iso.

Mu lafiya, sai dai ni ba na iya zama wuri ɗaya. In ina daji hankalina yana gida, in ina gida sai in ji kamar ramin zai rufta ba na nan. Makon jiya mun yi nisa a ƙasa har iska ta fara ƙaranci, na sa aka ƙara bututu. Dutsen da muke samu yanzu ya fi na da nauyi, yana da wani ƙyalli toka-toka. Masu niƙa suna son sa, sun ce yana da laushi.

Wani abu ya faru, ƙarami ne, amma gara ki ji daga bakina. Kin tuna Asama'u, matar marigayi Nafi'u mai gyaran keke, wadda katangarta ke kallon ruwa? Agwaginta sun mutu. Ba rana ɗaya ba, da ɗai-ɗai. Ta ce sai ta ga agwagwa tana tafiya tana tangaɗi, wuya ya saki, ta kwanta. Ta zo zaurena da guda a hannu ta ajiye mini a kan darduma. Na ce, "Asama'u, ciwon kaji ne, yana yawo." Ta ce, "To Alhaji, kajina da ba sa shiga ruwa me ya hana shi ganinsu?" Na sa aka sayo mata wasu daga Tudun Wada. Ta karɓa, amma ta kulle su a keji, ta ce ba za su ga kududdufi ba.

Ciwon kaji ne. Na tambayi mai sayar da maganin dabbobi, ya ce yana iya yiwuwa.

An sa ranar su, Asabar ta biyu a watan Afrilu. Mutane sun fara ɗinkin homarsu. Har 'yan Ƙofar Kibo sun aiko suna tambaya ko da su, na ce kowa ya zo.

Maganar gadon da na yi, watakila na yi zafi. Amma ke ma ki duba yadda kika rubuta.

Ki amsa mini.

Labaran

*

Obuasi
Farkon Fabrairu, na ƙara a ƙasa cikin Maris

Labaran,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya shirye ka. Gado? Ni da ko kabarin Inna ban samu zuwa gani ba sai sau ɗaya, me zan yi da garka? In kana so ka gina bene a kai. Na ce ka ɗauke injin ne don garkar tana bakin ruwa, ba don tawa ce ba. Laifina ne da na rubuta a gurguje, na ɗauka wanda ya yi aji uku a sakandare zai gane.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona. Ka san mahaifin Radiya a ƙarƙashin ƙasa ya ƙare aikinsa, don haka dutsen rami ba baƙona ba ne. Akwai wani rafi a bayan unguwarmu. Da na zo amarya a nan muke wanki, yara suna kama kifi da kwando. Sai masu haƙa na kansu suka fara kawo dutse suna niƙawa suna wankewa a bakinsa, kamar yadda kake yi. Ba mu ga komai ba da farko. Ƙananan kifaye suka fara ɓacewa. Sannan tsuntsaye. Za ka ga tsuntsu a tsaye a bakin ruwa, ka matso, ba zai tashi ba. Daga baya aka zo kan yara, kuma wannan ba zan rubuta shi ba.

Tarwaɗarka ba shaida ba ce. Tarwaɗa a kwata ma rayuwa take yi. A rijiya tana gaya maka ko ruwa ya ruɓe, wannan gaskiya ne, kuma ban raina saninka ba. Amma abin da ke fitowa daga dutsen ƙasa ba ruɓa ba ne. Ba ya kashe ta. Tana kwana a cikin laka tana haɗiya, tana ajiyewa a jikinta, ta yi ƙiba, ta jira wanda zai ci ta. Shi ya sa na ce kada ka aiko. Jikokina ne ke cinye kifin nan, ni romo kawai nake sha.

Kada ka duba tarwaɗa. Ka duba karfasa, ko akwai sauranta. Ka je kusa da balbela ka ga ko za ta tashi.

Ƙari. Zailani ya kwanta zazzaɓi a Kumasi, takardar ta dawo hannuna, ga taka ta uku ta iso ta hannun direba. Na karanta maganar agwagin Asama'u da dutsen nan mai ƙyallin toka, na kasa cin abinci. Labaran, unguwa guda za ka tara ka ciyar. Na san ka tun kana yawo ba wando, ba mugu ba ne kai, taurin kai ne da kai kamar ƙofar ganuwa. Ka hana sun nan da bakinka. In ba ka yi ba, zan sa Radiya ta kira Malam Aƙilu ta gaya masa duk abin da na rubuta maka. Na fi so su ji daga gare ka, don kai za ka ci gaba da zama da su.

Baiwarka, tunda ka nace,
Barira

*

Ƙofar Gayan
Tsakiyar Afrilu

Hajiya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Zailani ya dawo ya rame, amma ya miƙe. Mu ma muna nan.

Takardarki ta same ni ranar Talata, su kuma Asabar. Shinkafa tana jibge a zaure, an kawo itace, an aro tukwane daga gidan biki. Na karanta a tsaye. Na ji haushin barazanarki, kuma ina so ki sani ba ita ce ta motsa ni ba.

Na ninke takardar na zagaya bayan gida. Na samu Zaharaddini, wanda ke jagorantar masu su tun rasuwar babansa, yana gyaran homa. Na ce ya jefa mini ta gefen da ba zurfi. Ya jefa, ya sake jefawa, ya canza wuri. Tarwaɗa kawai. Na ce ina karfasa? Ya ce, "Ai Alhaji bana ba mu gan ta ba, mun ɗauka tarwaɗa ce ta cinye ta."

Sai na ga wata balbela a tsaye kusa da inda ruwan injin ke gangarowa. Na nufe ta. Na taka da ƙarfi, na yi gyaran murya, na tafa hannu. Tana kallona. Na sunkuya na ɗauke ta kamar an ajiye mini. Barira, ba nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki hular da aka wanke. Ƙirjinta ƙashi ne zalla.

A ranar na kashe injin. Na ɗebi laka a roba da tarwaɗa biyu na kai wani ɗakin gwaji a Samaru. Suka ce sakamako sai bayan mako. Na ce ba ni da mako, suka ce injinsu bai san Alhaji ba.

Laraba da Alhamis na yi ta zagaye gida kamar wanda ya ɓatar da makulli. Ba ni da takardar da zan nuna wa kowa. In na hana su, sakamako ya fito ba komai, na zama abin dariya har jikoki. Hidaya ta ce, "In ka zama abin dariyar, mutuwa za ka yi?"

Ranar Juma'a bayan la'asar, a masallacin unguwa, na nemi Malam Aƙilu ya tsayar da mutane. Na fito da su waje na tsaya a kan dakali. Na ce gobe babu su.

Sai Zaharaddini ya ce, "Alhaji, kududdufin na gidanku ne?"

Na ce, "Ba na gidanmu ba ne. Amma abin da ke cikin lakarsa ni na zuba."

Wani daga baya ya ce, "To shinkafar fa, ita ma ta sha ruwan?" Aka yi dariya. Wani tsoho ya ce tun yana yaro ake cin kifin nan ba wanda ya mutu. Zaharaddini ya ce sun yi wata guda suna ɗinki, kuma shi ba zai koma gida ya gaya wa matarsa wai an fasa saboda wata hajiya a Ghana ta yi mafarki ba. Ban san wanda ya kai masa labarinki ba, ina zargin Zailani.

Balbelar tana cikin kwali a motata, na ajiye ta ina ba ta ruwan rijiya ko za ta farfaɗo. Na je na ɗauko ta na ajiye a tsakiyar mutane, a kan ƙasa. Kin san balbela, ko inuwarka ta gani ta tashi. Wannan ta tsaya a tsakiyar maza fiye da sahu uku. Ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta taka, ta kife. Ta yunƙura, ta sake kifewa. Asama'u tana leƙe ta kan katanga, ta ce, "Haka nawa suka yi."

Malam Aƙilu ya ce an ɗage su sai abin da hali ya yi. Ranar Asabar na yanka sa aka ci da shinkafar. Wasu sun zo, wasu sun aiko da kwano, wasu sun ce ba sa cin abincin wanda ya kashe musu ruwa. Samarin da na sallama daga injin ba sa gaishe ni. Fura ma ta daina zuwa. Radiya ta kira mai unguwa ranar Lahadi kamar yadda kika ce, ya gaya mata ta makara.

Sakamako ya fito shekaranjiya. Dalma ce, a laka da cikin naman kifin, mai yawa. Likitan da na nuna wa ya ce a kawo yaran da ke wasa kusa da injin a duba jininsu, da masu niƙan su ma. Na ɗauki mota biyu, gobe za mu fara. Ba na son tunanin abin da za a gani.

Yanzu ga aikin da ubangidanki yake yi. Na kafa gora a kewayen ɓangaren da ya fi lalacewa, na ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, na rataya gwangwanaye da tsummoki, irin yadda ake yi a gonar shinkafa. Da safe da yamma, lokacin da tsuntsaye ke sauka, ina zaune a kan kujera da bakin igiya a hannu. In sun nufo in ja, gwangwani ya yi ƙara, su wuce fadamar bayan ganuwa. Na ɗauki mutum ya yi, na same shi yana barci, na karɓa da kaina. Masu wucewa suna cewa, "Alhaji, yaya gona?" Ina amsa musu da lafiya lau. Jiya Zaharaddini ya zo ya tsaya yana kallo, can ya ce igiyar gabas ta yi sako-sako, ya shiga ya ɗaure ta.

Shamuwa sun fara isowa rimin. Su ba sa jin tsoron gwangwani sosai, ban san yadda zan yi da su ba.

Abin da nake so daga gare ki shi ne wannan. An ce sai an kwashe lakar gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba kududdufi zai cika ya malala cikin lunguna har ƙofar gidajen mutane. Motoci ina da su, masu haƙa ina da su. Inda zan kai ta ne ban sani ba. Duk wurin da na tuna sai in ga can ma akwai mai shan ruwa a ƙasansa. A wurinku, in an taɓa gyara rafin nan, ina aka kai lakar? Rami aka yi mata? Da me aka shimfiɗa ƙasansa? Ki tambayi abokan aikin marigayi mijinki, waɗanda suka rage, ki rubuto mini dalla-dalla, ba irin rubutunki na layi uku ba. Ko ki bar Radiya ta karanta mini a waya, wannan karon kada ki hana ta.

Ki yi sauri, Barira. Yau da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Ba kullum za ta watsa ba.

Labaran